BABI NA UKU: FITATTUN TSOFAFFIN ƊALIBAN KWALEJIN FOURAH BAY TA SALIYO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda rubutun ajami ya kafu a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Shi kuwa wannan babi zai ɗan fita daga ƙasar Hausa ya leƙa Saliyo, domin a dubi wata tsohuwar kwaleji da irin mutanen da ta yaye. Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da kwalejin da ke bakin teku a birnin Firitawun? Amsar ita ce, duk wanda ya bi sawun rubutun Hausa na boko har zuwa tushensa, sai ya wuce Zariya da Kano da Lakwaja, ya dangana da Firitawun. A nan ne aka zaunar da Hausawa ana tambayarsu kalmomi ana rubutawa da baƙaƙen Turawa, kuma ɗalibin farko na wannan kwaleji yana cikin tawagar da aka yi wa wannan aiki dominta.

Abin da wannan babi yake ƙoƙarin nunawa abu ɗaya ne. Waɗanda suka kafa Kwalejin Fourah Bay mataimaka suke nema, wato malaman makaranta da masu wa'azi da tafintoci waɗanda za su yi aiki a ƙarƙashin Turawan mishan. Sai ga shi ta yaye mutanen da suka fi ƙarfin wannan matsayi, har ma ilimin da aka ba su ya zama sanadin saɓani tsakaninsu da waɗanda suka ba su shi. Ba za a kawo sunan kowa da kowa ba. An zaɓi waɗanda rayuwarsu ta fi fito da wannan batu fili, musamman waɗanda aikinsu ya taɓa Nijeriya.

3.1 Kafuwar Kwalejin

A shekarar 1807 ne Majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi ga mutanenta, a 1808 kuma Firitawun ta koma ƙarƙashin mulkin gwamnatin Ingila kai tsaye. Daga nan jiragen yaƙin Ingila suka riƙa tare jiragen da suka yi lodin bayi a tekun Atilantika, suna sauke mutanen a Firitawun. Cikin 'yan shekaru garin ya cika da dubun dubatar mutane daga ƙasashe daban-daban: Yarabawa, Ibo, Nufawa, Barebari, Hausawa da sauransu, kowa da harshensa. Wannan cakuɗuwa ita ce ta ba ƙungiyar mishan ta C.M.S. tunanin cewa idan aka ilimantar da 'ya'yan waɗannan 'yantattun bayi, wata rana za su koma ƙasashen iyayensu da Kiristanci a harsunansu.

An buɗe kwalejin a watan Fabrairu na 1827 da ɗalibai 6, a ƙarƙashin wani Bajamushe mai suna Charles Haensel. Domin a fahimci nisan zamanin, a wannan shekara Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana bisa gado, kuma a watan Afrilunta ne Baturen nan Clapperton ya mutu a Sakkwato. Saboda haka idan aka ce Fourah Bay ce kwaleji mafi tsufa a Afirka ta Yamma, abin nufi shi ne mafi tsufa a tsarin boko. Makarantun ilimi na Timbuktu da Katsina sun riga ta da ɗaruruwan shekaru.

Babban ginin kwalejin da ke unguwar Cline Town an aza harsashinsa a 1845, aka gama a 1848, lokacin shugabancin Edward Jones, wani baƙar fata ɗan Amurka. Darussan da ake koyarwa kuwa sun haɗa da ilimin addinin Kirista da Girkanci da Latinanci da Ibrananci da Larabci da lissafi. Wannan gini ya ƙone a 1999 lokacin yaƙin basasar Saliyo, amma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu kwalejin ta riga ta koma kan Dutsen Aureol.

3.2 Samuel Ajayi Crowther

Sunan da ke kan gaba a rajistar ɗaliban kwalejin shi ne na Samuel Ajayi Crowther. An haife shi wajen shekarar 1809 a garin Osogun na ƙasar Yarabawa. A 1821 mahara suka faɗa wa garin, waɗanda shi da kansa ya rubuta cewa akwai Yarabawa Musulmi da Fulani a cikinsu, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ya bi hannun iyayen giji da dama, har an taɓa musayar sa da doki, kafin a sayar da shi ga Turawan Fotugal a Ikko. Jirgin da aka sa shi bai yi nisa ba jiragen Ingila suka tare shi a watan Afrilu na 1822, aka sauke shi a Firitawun. An yi masa baftisma a 1825, a 1827 kuma ya shiga kwalejin, daga baya ma ya koyar a cikinta.

Shekarar 1841 ita ce ta fito da shi. A wannan shekara gwamnatin Ingila ta tura jirage 3 su hau kogin Kwara domin ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakunan bakin kogi. Ƙungiyar C.M.S. ta sa mutum biyu a cikin tawagar, wato James Frederick Schön, Bajamushe, da kuma Crowther. Da yake an san Hausa ce harshen fatauci a can sama, an buƙaci su koye ta kafin tafiya, malamansu kuwa su ne Hausawan da aka 'yanto aka zaunar a Saliyo. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya kashe Turawa sama da 40, dole aka juyo daga Eggan ta ƙasar Nufe. Amma abubuwa biyu sun fito daga cikinta. Na farko, a 1843 Schön ya buga jerin kalmomin Hausa tare da ɗan bayanin nahawu, wanda masana tarihin rubutun Hausa, irin su Ibrahim Yaro Yahaya a littafinsa Hausa a Rubuce (1988), suke lissafawa a sahun farko na ayyukan boko. Na biyu, Schön ya ba ƙungiyarsa shawarar cewa tun da Bature ba ya jure wa zazzaɓin kogi, to 'yan Afirka ne za su yi wannan aiki, don haka a faɗaɗa Fourah Bay. Ginin 1845 da aka ambata a sama ɗiyan wannan shawara ne.

A nan ya dace a ɗan ratse a ambaci Sigismund Koelle, wanda malami ne a kwalejin daga 1847 zuwa 1853. Shi ne ya riƙa bin unguwanni da ƙauyukan Firitawun yana tattara kalmomi kusan 300 a harsuna fiye da 100, ya buga su a 1854 da sunan Polyglotta Africana. A ciki akwai Hausar Kano da Hausar Katsina. Har ila yau ya rubuta nahawun Barbarci daga bakin wani mutumin Barno mai suna Ali Eisami. Abin lura shi ne, sunan Schön da na Koelle ne ɗalibin Hausa yake haddacewa domin jarrabawa, alhali kalmomin daga bakin wasu bayin Allah suka fito, waɗanda ba su taɓa zama a aji ba. A ra'ayin mai wannan nazari, su ma suna da rabo a tarihin kwalejin, ko da yake rajista ba ta san da su ba.

Shi kuwa Crowther an naɗa shi limamin coci a Landan a 1843, a shekarar kuma ya buga jerin kalmomin Yarabanci. A 1846 ya isa Abeokuta, inda ya sadu da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25. Ya sake hawa kogi a 1854 tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai, wannan karon ba wanda ya mutu saboda an yi amfani da kwinin. A 1857 ya kafa mishan ta kogin Kwara, wadda ma'aikatanta duka baƙaƙen fata ne daga Saliyo. Ya rubuta littafin koyon karatu na harshen Ibo a 1857, da na Nufanci a 1860, da nahawun Nufanci a 1864, kuma shi ne jagoran fassara Baibul zuwa Yarabanci. A ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishof a Canterbury, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a cocin Angilikan.

Wani ɓangare na rayuwarsa da ya kamata ɗalibin Arewa ya sani shi ne zamansa da sarakunan Musulmi. Ya sha zuwa Bida wurin Etsu Masaba, kuma ya fahimci cewa gardama da zagin addinin mutane ba su buɗe ƙofar fada. Yardar da ke tsakaninsa da Nufawa ta kai ga cewa a shekarun 1880, da giyar Turawa ta addabi ƙasar, Etsu Maliki shi ya aika wa takarda yana neman ya isar da kukansa ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa. Sarki Musulmi ya nemi bishof ya taya shi yaƙi da kayan 'yan kasuwar Kirista. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin matsayin da mutumin ya samu a bakin kogi.

Ƙarshen aikinsa kuwa akwai ban tausayi. Zuwa ƙarshen shekarun 1880 ra'ayin Turawa game da baƙar fata ya sauya, kwinin ya rage musu tsoron zazzaɓi, kamfanin Neja kuma ya mamaye kasuwar kogi. Sai ga wasu samarin mishan daga Ingila, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, waɗanda burinsu shi ne su shiga ƙasar Hausa da wa'azi. Suka zargi ma'aikatan Crowther da lalaci da rashin ɗa'a. Gaskiya ne akwai wasu daga cikin ma'aikatan da aka samu da laifi, kuma an san tsohon da sassauci wajen hukunci. Amma yadda aka yi abin ya wuce gyara. A wani taro a Anaca a 1890, samarin da ba su kai sa'o'in 'ya'yansa ba suka dakatar da limamai a gabansa ba tare da izninsa ba, har da ɗansa Dandeson. Crowther ya ajiye shugabancin kwamitin. Shanyewar jiki ta same shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Sai a 2014 Babban Bishof na Canterbury, Justin Welby, ya fito fili ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa.

Abin mamaki a nan shi ne, wannan rikici ma ya shafi tarihin Hausa. Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila domin tunawa da shi. Ita ce ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson zuwa Kano a 1894, wanda ya dawo ya buga ƙamus na Hausa. Wato ke nan nazarin Hausa a boko ya fara da Crowther a gefen Schön, ya kuma ci gaba a hannun waɗanda suka ture Crowther.

3.3 Africanus Horton da James Johnson

Idan Crowther mai haƙuri ne da kawaici, waɗanda suka biyo bayansa ba su yi shiru ba. James Africanus Horton an haife shi a 1835 a ƙauyen Gloucester kusa da Firitawun, mahaifinsa ɗan Ibo ne da aka 'yanto. Ya shiga Fourah Bay a 1853 da niyyar zama limamin coci. Amma a 1855 ma'aikatar yaƙi ta Ingila, wadda likitocinta Turawa suke ta mutuwa a Afirka ta Yamma, ta nemi a ba ta samari baƙaƙe ta koya musu aikin likita. Horton na cikin waɗanda aka zaɓa. Ya yi karatu a Landan, ya sami digirin likita a Edinburgh a 1859, sannan ya yi aikin soja na kimanin shekara 20, mafi yawa a Gwalkwas, wato ƙasar Gana ta yanzu. Sunan Africanus shi ya ƙara wa kansa tun yana ɗalibi, don kada a yi shakkar asalinsa.

A wancan lokaci akwai masana a Landan da suke rubuta cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta kai ta Bature ba, suna kafa hujja da awon ƙoƙon kai. Horton likita ne, ya san ƙashi ya san jijiya, don haka ya mayar musu da martani da irin makaminsu. A littafinsa West African Countries and Peoples na 1868 ya rushe waɗannan hujjoji, sannan ya bi ƙasashen bakin teku ɗaya bayan ɗaya yana tsara yadda kowace za ta mulki kanta. A ciki ne kuma ya nemi a mayar da Fourah Bay jami'ar Afirka ta Yamma, a riƙa koyar da kimiyya a cikinta. Ya rasu a 1883 yana da shekara 48, kusan shekara 80 kafin ƙasarsa ta sami mulkin kan da ya yi magana a kai.

James Johnson shi ma ɗalibin kwalejin ne a shekarun 1850, Bayarabe ne ta wajen iyaye. Tsananin riƙonsa da addini ya sa mutanen Ikko suka yi masa laƙabi da mai tsarki. Kukansa shi ne, ilimin mishan yana raba ɗan Afirka da sunansa da tufafinsa da harshensa, yana mayar da shi kwafin Bature. A farkon shekarun 1870 shi da Edward Blyden suka matsa wa Gwamna Pope Hennessy lamba a kan a kafa jami'ar da ba ta hannun mishan. Ƙungiyar C.M.S. ta ga abin zai fi ƙarfinta, sai ta yi dabara biyu. Ta ɗauke Johnson ta kai shi Ikko a 1874, sannan ta buɗe ƙofar Fourah Bay ga ɗalibai masu biyan kuɗi waɗanda ba aikin coci za su yi ba, ta kuma haɗa ta da Jami'ar Durham ta Ingila a 1876. An ruwaito cewa wata jarida a Landan ta yi ba'a, tana cewa saura Durham ta haɗa kai da gidan namun daji. Duk da haka, daga wannan shekara ɗalibi yana iya zama a Firitawun ya rubuta jarrabawa iri ɗaya da ta ɗaliban Durham, ya karɓi digiri iri ɗaya. Wannan tsari ya ci gaba har zuwa 1967. Ya kamata a lura cewa matsin lambar tsofaffin ɗalibanta ne ya jawo wa kwalejin wannan ɗaukaka.

3.4 Masu Digirin Durham

Daga 1876 zuwa 1948, wato shekara 72, Fourah Bay ce babbar makarantar da ɗan Nijeriya ko ɗan Gwalkwas zai sami cikakken digiri a cikinta ba tare da ya haye zuwa Turai ko Amurka ba. Shi ya sa idan aka dubi tarihin tsofaffin makarantun sakandare na Kudancin Nijeriya, sai a ga kusan kowace akwai hannun ɗalibin wannan kwaleji. Tun kafin zamanin digiri ma, Thomas Babington Macaulay, surukin Crowther kuma mahaifin Herbert Macaulay, shi ya kafa makarantar sakandare ta C.M.S. a Ikko a 1859, wadda ita ce ta farko a Nijeriya. Alexander Akinyele ya kafa ta Badun a 1913. Israel Ransome-Kuti ya shugabanci ta Ijebu-Ode da ta Abeokuta, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya a 1931. Adekunle Ajasin, wanda ya gama a 1946, shi ya rubuta takardar da aka gina shirin ilimin firamare kyauta na Jihar Yamma a kanta a 1955, daga baya ya yi gwamnan Jihar Ondo daga 1979 zuwa 1983. Idan aka tuna cewa Kwalejin Katsina ba a buɗe ta ba sai a farkon shekarun 1920, za a ga inda wani ɓangare na tazarar boko tsakanin Kudu da Arewa ya samo asali. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Mutum biyu a wannan rukuni sun cancanci a ɗan tsaya a kansu. Na farko shi ne Obadiah Johnson, wanda ya sami digiri a 1879, ya wuce Ingila ya zama likita, ya dawo Ikko da aiki. Yayansa Samuel Johnson ya shafe shekaru yana tattara tarihin Yarabawa daga bakin makaɗan fadar Oyo da dattawa, ya gama a 1897, aka aika da rubutun Landan, sai maɗaba'a ta ce ya ɓata. Samuel ya rasu a 1901 bai ga littafinsa ba. Obadiah ne ya zauna ya sake haɗa shi daga tarkacen takardun da marigayin ya bari. Shi ma ya rasu a 1920, littafin The History of the Yorubas ya fito a 1921. Da ba don wannan ɗawainiya ba, da babban littafin tarihin Yarabawa ya salwanta.

Na biyu shi ne Henry Carr, haifaffen Ikko a 1863, wanda ya karanta lissafi da kimiyya. Shi bai yi faɗa da Turawa ba, cikin gwamnatinsu ya shiga. Ya zama sufeton makarantun Ikko a 1892, ya kuma kai matsayin Razdan na Ikko daga 1918 zuwa 1924, matsayin da ba a saba ganin baƙar fata a kansa ba a wancan zamani. Wannan ya sa 'yan kishin ƙasa irin su Herbert Macaulay suka ɗauke shi ɗan koren Turawa, suka yi ta gaba da shi. Mai nazari na ganin hukuncin ya yi tsauri, domin mutumin ya yi imani ne cewa ta hanyar makaranta za a ƙwaci daraja, kuma ya bar shaida. Da ya rasu a 1945 an sami littattafai kusan 18,000 a gidansa, waɗanda suka zama wani ɓangare na harsashin laburaren Kwalejin Jami'a ta Badun.

A Gwalkwas kuwa akwai J. E. Casely Hayford, lauya kuma ɗan jarida, wanda ya yi yaƙi da yunƙurin Turawa na ƙwace filayen jama'a, ya rubuta Ethiopia Unbound a 1911, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar siyasa ta haɗin kan ƙasashen Afirka ta Yamma renon Ingila a Ankara a 1920. A Saliyo ita kanta, Milton Margai ne mutumin farko daga cikin ƙasa, wato wanda ba ɗan Kiriyon Firitawun ba, da ya sami digiri a kwalejin a 1921. Ya zama likita, kuma shi ya karɓi mulkin kai a matsayin Firayim Minista ranar 27 ga Afrilu 1961. Mace ta farko da ta sami digiri a nan ita ce Lati Hyde-Forster a 1938, shekara 111 bayan buɗe kwalejin, abin da ke nuna cewa ita ma Fourah Bay ta daɗe ba ta waiwayi mata ba. A baya-bayan nan akwai Eldred Jones, masanin adabi da ya kafa mujallar African Literature Today a 1968, da Ernest Bai Koroma wanda ya shugabanci Saliyo daga 2007 zuwa 2018, da Zainab Bangura wadda ta yi ministar harkokin waje kafin ta koma Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wani abin lura shi ne, ɗalibin Fourah Bay yana cikin waɗanda suka rage mata kasuwa. A 1943 gwamnatin Ingila ta naɗa kwamitin Elliot ya duba batun ilimi mai zurfi a Afirka ta Yamma, Ransome-Kuti na cikin 'yan Afirka 3 da ke ciki. Sakamakon rahoton kwamitin na 1945 aka buɗe kwalejojin jami'a a Badun da Gwalkwas a 1948. Wasu daga cikin 'yan kwamitin ma sun so a rage wa Fourah Bay matsayi, sai da mutanen Saliyo suka tashi tsaye kafin ta tsira. Daga nan 'yan Nijeriya suka fara raguwa a Firitawun sannu a hankali.

3.5 Kenneth Onwuka Dike

Daga cikin rukunin ƙarshe na 'yan Nijeriya da suka je Firitawun don babu jami'a a gida akwai Kenneth Dike. An haife shi a Awka a 1917. Bayan Fourah Bay ya wuce Aberdeen, sannan Landan, inda ya gama digirin digirgir a fannin tarihi a 1950. A lokacin, abin da ake kira tarihin Afirka a jami'o'in Ingila labarin Turawa ne a Afirka: wane ya gano kogi kaza, wane gwamna ya ci gari kaza. Dike ya juya abin. A littafinsa Trade and Politics in the Niger Delta na 1956 ya nuna cewa sarakuna da attajiran Bonny da maƙwabtansu suna da siyasarsu da dabarunsu na ciniki, kuma sun daɗe suna gindaya wa Turawa sharuɗɗa kafin ƙarfi ya rinjaye su. Ya kuma dage a kan cewa labarin baka hujja ce a tarihi idan aka tace shi. Abin da Horton ya yi da ilimin likita a 1868, shi Dike ya yi da ilimin tarihi bayan shekara 88.

A 1960 ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Kwalejin Jami'a ta Badun, da ta zama cikakkiyar jami'a a 1962 kuma shi ne shugabanta na farko. Rikicin 1966 ya raba shi da Badun, ya koma Gabas, ya goyi bayan Biyafara a lokacin yaƙin basasa, daga baya ya koyar a Harvard ta Amurka. Ya rasu a 1983. Laburaren Jami'ar Badun, wanda littattafan Henry Carr suke ciki, sunan Dike yake ɗauke da shi.

Amma aikinsa da ya fi shafar ɗalibin Hausa ba littafinsa ba ne. Sashen tarihi na Badun a zamaninsa shi ne ya ba nazarin takardun Larabci na Arewa muhimmanci. A nan H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya koyar kafin ya koma Zariya a 1962, kuma a nan Murray Last ya yi digirin da ya zama littafin The Sokoto Caliphate na 1967, wanda aka gina a kan takardun gidan Wazirin Sakkwato. Bugu da ƙari, tun a farkon shekarun 1950 Dike ya zagaya ofisoshin gwamnati a faɗin ƙasar, ya tarar da tsofaffin fayiloli jibge a ɗakunan ajiya, gara da ruwan sama suna cin su. Rahoton da ya rubuta ne ya sa aka kafa ofishin adana takardun gwamnati a 1954, shi kuma ya zama shugabansa na farko. Wannan ofishi ne ya zama Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, mai rassa a Badun da Inugu da Kaduna.

A reshen Kaduna ne aka tara fayilolin lardunan Kano da Zariya da Sakkwato da sauransu, da na ofishin Sakataren Lardunan Arewa. Daga cikinsu akwai wasiƙun da jami'an mulkin mallaka suka riƙa yi wa juna a kan ko da ajami za a ci gaba da rubuta Hausa a ofisoshi da makarantu ko da boko. Waɗannan wasiƙu, tare da ƙa'idojin rubutun Hausa da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, su ne za a duba a babi na huɗu.